Bizar zama ta hanyar aure: shirin yana farawa tun kafin a shafa fatiha

A Katsina ko Daura, idan waliyyin amarya ya ce ya bayar, wakilin ango ya ce ya karɓa, aka ambaci sadaki a gaban shaidu, liman ya shafa fatiha, to aure ya ɗauru, babu mai ja. Jami'in da zai duba takardunku a ofishin jakadanci kuwa bai halarci wannan taro ba, bai ci goro ba, bai san liman ba. Takarda kawai ke gabansa, kuma abu uku yake nema a cikinta: auren ya inganta a dokar Najeriya da ta ƙasarsa, auren na gaskiya ne, sannan wanda ke can yana da halin riƙe wanda zai zo. Aure shi kaɗai ba ya ba da izinin zama a Ingila ko Amurka ko Jamus. Dama ce yake buɗewa ta a nema, kuma ɗan ƙasar da aka aura shi ne ginshiƙin neman.

Mafi yawan abin da ke kayar da mutanenmu ba ƙarya ba ce. Al'adarmu ta baki ce, tasu ta rubutu, kuma ba a fafe gora ranar tafiya.

Suna da ranar haihuwa

Kafin komai, a baje takardun wanda zai tafi a kan tabarma ɗaya: fasfo, takardar NIN, takardar haihuwa, sakamakon firamare da na sakandare, da bayanan banki. A karanta su harafi bayan harafi. A nan ake ganin Muhammad a wannan, Mohammed a waccan, Mamman a ta firamare. A nan ake ganin yarinyar da gida ke kira Binta, makaranta ta rubuta Fatima, ko Indo da ta zama A'isha a fasfo. Wani sunan mahaifinsa ne a ƙarshe a takarda ɗaya, a ɗayar kuma sunan garinsu, Malumfashi ko Kankiya ko Mashi. Mu mun san duk mutum ɗaya ne. Jami'in yana ganin mutum biyu ko uku.

Ranar haihuwa ta fi suna haɗari, domin da yawa an rage musu shekaru lokacin rubuta jarrabawa, ko an sa musu 1 ga Janairu don cike gurbi. Idan shekarar da ke kan NIN ta saɓa da ta takardar makaranta, a gyara tun yanzu ta hanyar hukuma, a ajiye shaidar gyaran. Ofishin fasfo yana ɗauko bayani ne daga NIN, don haka duk kuskuren da ke can zai biyo ka cikin fasfo. Takardar haihuwar da ƙasashen waje suka fi yarda da ita ta Hukumar Ƙidaya ta Ƙasa ce. Dokar wajabta rajistar haihuwa ta 1992 ce, saboda haka wanda aka haifa kafin nan yakan yi rantsuwar shekaru a babbar kotu, ya kai wa hukumar ta ba shi takardar tabbatar da haihuwa. Katin asibiti ko takardar ƙaramar hukuma ba sa maye gurbinta.

Shawararmu ga amarya: kada ta yi gaggawar sauya suna zuwa na miji a tsakiyar neman biza. Bizar ba ta tilasta hakan, addini ma bai nema ba, kuma kowane sauyi sai ya jawo rantsuwa da buga sanarwa a jarida da sabon fasfo. Fasfon Najeriya mai shafi 32 yana shekara 5, mai shafi 64 yana shekara 10. Tun Satumba 2025 kuɗinsu naira 100,000 ne da 200,000. Wanda zai yi doguwar tafiya irin wannan ya ɗauki na shekara 10, don kada ya ƙare masa a tsakiyar hanya.

Wa ya halarci ɗaurin auren?

Wannan ita ce tambayar da ba a cika yi wa kai ba, kuma ita ce ta fi rusa shiri. A wajenmu ba abin mamaki ba ne ango yana Landan ko Toronto, a ɗaura masa aure a ƙofar gidan surukansa a Ƙofar Sauri, kawunsa ya karɓa masa. Ko da yana gari ma, amarya tana cikin gida da ƙawayenta, maza suna masallaci. Ƙasashen waje suna kiran wannan auren wakilci, kuma kowacce da yadda take kallonsa.

Kanada, tun 2015, ba ta karɓar auren da aka ɗaura ta wakili ko ta waya ko ta intanet domin ɗauko miji ko mata. Sai dukansu biyun sun halarta da jikinsu. Amurka ba ta ɗaukar auren da ma'auratan ba sa wuri ɗaya lokacin ɗaura shi, sai in an nuna sun tare bayan nan. Hujjar tarewar kuwa ita ce hatimin shige da fice a fasfon wanda ya zo, da tikitin jirgi, da hotuna, duk masu kwanan watan da ya biyo bayan ɗaurin auren. Haɗuwar da aka yi kafin aure ba ta shiga lissafi a nan. Ingila ta fi sauƙi a wannan gaɓar: tana karɓar auren wakilci muddin ya inganta a ƙasar da aka ɗaura shi, amma sharaɗi ne ma'auratan sun taɓa haɗuwa ido da ido. Hirar bidiyo ta WhatsApp, ko ta shekara nawa ce, ba haɗuwa ba ce.

Maganin abin mai arha ne idan an yi shi da wuri. A sa rana lokacin da na wajen zai iya zuwa. A yi magana da liman da iyaye tun farko cewa ana so ango da amarya su kasance a wurin, ko da amarya tana ɓangaren mata, su sa hannu a takardar shaidar aure a ranar, tare da waliyyi da shaidu biyu. A ɗauki hoton sa hannun. Babu abin da wannan ya rage wa siga ko ya ƙara mata.

Takardar kotu ko ta rajista

Auren Musulunci ingantacce ne a dokar Najeriya. Takardar shaidarsa ana samun ta daga kotun shari'ar Musulunci ko daga masallacin da ya ɗaura, kuma ta kotu ta fi nauyi. A duba cewa tana ɗauke da cikakkun sunaye kamar yadda suke a fasfo, ranar ɗaurin aure, wurin, adadin sadaki, sunayen waliyyi da shaidu, da hatimi. Idan an karɓe ta bayan shekaru da yin auren, a tabbata an rubuta ranar ɗaurin daban, ranar bayar da takarda daban. Kada a roƙi kowa ya mayar da kwanan wata baya.

Da yawa sukan ƙara da auren rajista a ƙarƙashin Dokar Aure ta tarayya, saboda takardarsa ce jami'an waje suka fi sabawa da ita. Tsarinsa: a kai sanarwa, a liƙa ta kwana 21, a ɗaura cikin wata 3 da sanarwar a gaban shaidu biyu, kuma wanda bai kai shekara 21 ba sai da rubutacciyar amincewar iyaye. To amma Musulmi ya san abin da yake sa wa hannu. Auren rajista na mace ɗaya ne, ƙara wata a kansa laifi ne a doka. Ba ya mutuwa da saki na baki ko na takarda, sai babbar kotu ta raba shi. Yana kuma iya shafar yadda za a raba gado. A tambayi lauya da malami kafin a shiga, a kuma duba ko ƙasar da za a je tana buƙatarsa ma tukuna. Ingila da Amurka suna karɓar auren Musulunci da ke da takarda sahihiya.

Najeriya ba ta cikin yarjejeniyar Hague da ke sa hatimi ɗaya ya wadatar, don haka ƙasashe da dama sai an kai takardun Ma'aikatar Harkokin Waje a Abuja ta tabbatar, sannan ofishin jakadancinsu ya buga nasa hatimin. Duk takardar da ke cikin Hausa ko Larabci sai an fassara ta, mai fassarar ya rubuta sunansa da adireshinsa da kwanan wata, ya shaida cewa fassarar daidai take, ya sa hannu.

Mai mata a gida, da bazawara

Namijin da ke da mata a Katsina ya auri 'yar Amurka a matsayin ta biyu, Amurka auren farko kaɗai ta sani. Idan 'yar Ingila ce mazauniyar can, dokar aurensu ta 1973 ta ɓata auren da ta shiga da mai wata matar, ko a ina aka ɗaura shi. Haka nan ɗan ƙasar da ya riga ya kai mace ɗaya Ingila ba zai kai ta biyu da bizar aure ba. Wasu sukan ɓoye uwargida, su rubuta ba su taɓa aure ba, ko su sayo takardar saki ta bogi. Abin yakan tonu ne daga baya, ranar da aka zo ɗauko 'ya'ya, takardun haihuwarsu suka nuna sunan uwa da shekarun da suka ci karo da abin da aka rubuta. A lokacin har izinin zaman da aka riga aka samu ana iya ƙwacewa.

Bazawara ko wanda ya taɓa saki ya nemi takardar kotu mai tabbatar da mutuwar auren farko. 'Yar takardar da miji ya rubuta da biro ya ba yaro ya kai ba za ta wadatar ba. A lura da jerin kwanakin: saki, cikar idda, sannan sabon aure. Wadda mijinta ya rasu ta nemi takardar shaidar rasuwa. Idan akwai yara da za su bi uwarsu, sai da rubutacciyar yardar mahaifinsu ko hukuncin kotu kan riƙo, kuma Ingila tana tsaurarawa sosai a kan wa ke ɗauke da nauyin yaron shi kaɗai.

Shekaru ma sharaɗi ne. Ingila da Jamus da Kanada suna neman 18, Holan 21, Denmak 24. Auren zumunci halal ne a Ingila, amma a Amurka wasu jihohi sun hana auren 'ya'yan wa da ƙani, don haka a duba dokar jihar da za a zauna.

Ingila da lissafinta

Tun 11 ga Afrilu 2024, wanda ke can sai yana samun fam 29,000 a shekara. A da fam 18,600 ne. Albashin mai nema a Najeriya ba ya shiga lissafi, ko nawa ne. Ma'aikacin da ya yi wata 6 a wuri ɗaya zai kawo takardun albashi na wata 6, da bayanan banki na watannin nan da ke nuna shigar kuɗin, da wasiƙa daga wurin aikinsa. Ta ƙarshe a cikinsu kada ta wuce kwana 28 kafin ranar da aka tura nema a intanet. Wannan kwana 28 ya kayar da mutane masu albashi mai kyau, don kawai sun tara takardu sun zauna jiran wani abu. Wanda zai dogara da ajiya zalla sai fam 88,500 da suka kwana wata 6 a asusunsa ko na matarsa. Kyauta daga ɗan'uwa ta halatta idan an bayyana tushenta, rance bai halatta ba, kuma kuɗin da aka zuba mako biyu kafin nema ana ganinsa ƙarara.

Mai nema zai ci jarrabawar Turanci ta ji da magana a matakin A1 (matakin farko na iya harshe), wadda hukumarsu ta amince da ita, kamar IELTS Life Skills. Sakamakon WAEC ba ya wadatarwa, duk da Turanci ne harshen hukuma a Najeriya. Sai gwajin tarin fuka a asibitin da suka amince da shi, kamar na Abuja ko Legas, takardarsa wata 6 take yi. Gwajin wani asibiti, komai girmansa, ba sa karɓa. A 2025 kuɗin bizar fam 1,938 ne, ga kuɗin kiwon lafiya fam 1,035 a kowace shekara, wanda ake biyan na shekara 3 a dunƙule, fam 3,105. Ana ba da wata 33, a sabunta da wata 30 bayan cin mataki na gaba, A2, sai a shekara ta 5 a nemi zaman dindindin da Turanci matakin B1 da jarrabawar sanin rayuwar ƙasar. Cikin shekarun nan an yarda a yi aiki, ba a yarda a karɓi tallafin gwamnati ba.

Amurka, Jamus da sauran

A Amurka ɗan ƙasar ne ke fara shigar da fom I-130, na neman ɗauko miji ko mata. Idan an amince, sai mai nema ya cike DS-260, fom ɗin neman bizar zama, mai ɗaukar nauyi ya cike I-864 yana nuna samunsa ya kai kashi 125 cikin 100 na ma'aunin talauci na gwamnatinsu. In bai kai ba, wani mazaunin can na iya tsaya masa. Ana neman takardar shaidar rashin laifi daga 'yan sanda da gwajin lafiya wajen likitan da suka zaɓa, ganawar kuwa a ƙaramin ofishin jakadancinsu na Legas ake yin ta. Auren da bai kai shekara 2 ba ranar shiga ƙasar, katin zama na sharaɗi ake ba shi na shekara 2, sai ma'auratan su shigar da I-751, fom ɗin cire sharaɗin, cikin kwana 90 na ƙarshe. Ƙofar Amurka tana buɗewa tana rufewa ga 'yan Najeriya: an dakatar da bizar zama a 2020, aka ɗage a Janairu 2021, aka sake sa takunkumi a ƙarshen 2025. A karanta sanarwar ofishin jakadancin ta ranar kafin a biya ko sisi.

Jamus tana neman Jamusanci matakin A1 tun daga gida, jarrabawar Goethe-Institut, wadda cibiyarta ke Legas. Abin da ya bambanta ta shi ne ba ta wadatuwa da hatimin takardun Najeriya. Takan tura lauyoyin da ta amince da su su bincika, da kuɗin mai nema. Suna iya zuwa unguwarku, su tambayi maƙwabta ko kana da mata, su duba rajistar firamaren da ka ce ka yi. Binciken yana cin watanni. A sanar da mutanen gida cewa baƙo na iya zuwa, su faɗi gaskiya yadda take, kada kara ko tsoron hukuma ya sa wani ya ce bai san ka ba.

Wanda zai auri ɗan Faransa, shi Bafaranshen ya nemi takardar cancantar aure daga ofishin jakadancinsu kafin a ɗaura, bayan an ɗaura kuma a shigar da auren cikin rajistarsu. Sai da wannan ake ba da bizar shekara 1, wadda ake tabbatar da ita a intanet cikin wata 3 da sauka. Ɗan Saudiyya ko 'yar Saudiyya sai da izinin ma'aikatar cikin gidansu kafin auren baƙo. Auren da aka ɗaura ba da izinin ba yakan bar mace da 'ya'ya cikin wahalar takardu na shekaru.

Nuna cewa auren na gaskiya ne

A nan bikinmu yana taimakonmu, domin ba a ɓoye ake yin sa ba. A ajiye katin gayyata, da hotunan kai lefe, sa lalle, kamu, ɗaurin aure, kai amarya da walima, waɗanda dangin ɓangarorin biyu suka fito a ciki. Sadaki a tura shi ta banki ko a rubuta shaidar karɓarsa. A ajiye shaidar kuɗin cefane da ake turowa, da tikitin kowace ziyara. Daga hirar waya a zaɓi kaɗan daga kowane wata mai nuna kwanan wata, a fassara abin da ke cikin Hausa. Hoto 20 masu bayanin wa da wa, a ina, yaushe, sun fi 300 da aka zuba babu tsari.

Auren haɗi ba laifi ba ne a idonsu, auren dole ne laifi. Idan iyaye ne suka haɗa, a faɗi haka kai tsaye, kada a ƙirƙiro labarin soyayya a Facebook wanda ɗayan zai manta da shi ranar ganawa. Amare su kula da kunya. Tarbiyyarmu ta hana mace ambatar sunan miji, ta sa ta sunkuyar da kai idan ana zancensa, amma jami'in da ya tambayi cikakken sunan mijinki da ranar haihuwarsa da aikinsa da unguwar da yake zaune, ya ga kin yi shiru, zai ɗauka ba ki san shi ba ne. Ki faɗa da bakinki. Abin da ba ki sani ba ki ce ba ki sani ba.

Masu tallan auren takarda, a biya wata 'yar ƙasa ta sa hannu, suna sayar da ɗauri ne. A Amurka hukuncinsa ya kai shekara 5 a kurkuku da tarar dala 250,000, kuma wanda aka kama ba a sake amincewa da wata takardar ɗauko shi har abada, ko da daga baya ya yi auren gaskiya. Kanada tana hana wanda ya yi ƙarya a nema shiga na shekara 5. Wanda zai taya ka cike fom a shagon intanet, ka zauna kusa da shi, ka karanta kowace amsa, musamman tambayar ko an taɓa hana ka biza. Imel da lambar sirri su zama naka. Duk abin da ya rubuta, kai ka rubuta.

Jerin aikin ya bi tsawon ran kowace takarda: gyaran suna da NIN, fasfo, ɗaurin aure da takardarsa, jarrabawar harshe, sannan gwajin lafiya da takardun albashi a ƙarshe, tunda su ne masu saurin mutuwa.

Bayan an sauka

Izinin yana rataye da auren a shekarun farko. A Ingila idan aka rabu kafin shekara 5, dole a sanar da hukuma, kuma yawanci ana taƙaita izinin zuwa kwana 60. Jamus tana ba da izini mai zaman kansa bayan shekara 3 na zaman aure a can. Amma Ingila da Amurka duk suna da hanya ta musamman ga wanda ake duka ko ake azabtarwa, da wanda mijinta ko matarsa ta rasu, ta yadda za su nemi zama ba tare da sa hannun ɗayan ba. Iyaye su gaya wa 'yarsu wannan kafin ta hau jirgi. Fasfonta ya zauna a hannunta, a bar kwafin kowace takarda a gida wajen wanda aka amince da shi, sunanta kuma ya shiga takardar haya ko ta wuta ko asusun banki tun watan farko, domin su ne hujjar zama tare ranar sabuntawa.

Idan an hana bizar, wasiƙar hanawa tana faɗin sakin layin dokar da aka gaza cikawa. Ingila tana ba wanda ke waje kwana 28 ya ɗaukaka ƙara. In takarda ɗaya ce ta ɓace ko ta tsufa, sake nema da cikakkun takardu yakan fi ɗaukaka ƙara sauri, ko da yake sai an sake biyan kuɗin bizar. In kuwa zargin ƙarya ne ko na auren bogi, kada a sake tura komai sai lauyan shige da fice mai rajista a ƙasar ya karanta wasiƙar.